Bandejin Da Ya Riga Hanci Ji

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Kawu? Yana kiyaye sukarin kuwa, ko har yanzu yana satar shan lemo a shagon tela? A gaishe min da Yaya.

Ni lafiya lau. Tsayuwa ce dai tun safe a ɗakin bincike, ƙafa takan ɗan kumbura, amma da sauƙi.

Inna, jiya na ga ikon Allah. Shugabarmu ta nuna min bandejin da ake gwadawa a gyambon masu ciwon sukari. Cikinsa akwai zarurrukan da ido ba ya gani, silin gashi ma ƙato ne a kansu. Su ke jin ɗumin ciwon da canjin ruwansa, su aika wa wayar likita. Wani dattijo da aka ɗaura masa shi ya rantse garau yake, wayar ta ce a'a. Aka buɗe, ashe ciwon ya fara ɓaci.

Sai na tuno ki, kullum da safe kina kwance ƙafar Baba kina shinshinawa. Kin sha cewa da kin ji warin da wuri, da ba a yanke ta ba. Na tambayi shugabar ko haka ne. Ta ce kafin wari ya fito, ciwon ya riga ya yi nisa, babu hancin da zai cim masa. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Don Allah a riƙa duba tafin ƙafar Kawu kullum, ko zai yi faɗa. Ke kuma ki daina ɗora wa kanki laifi, Inna. Shekara shida kin ɗauka, ya isa haka.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana ke.

'Yarki,
Auta