Kujerarki a Rumfar Amala

Morenike, 'yata,

Gaisuwa daga Abidjan. Yaya mamanki da ciwon gwiwarta? Ki ce mata lafiyata lau, tumbina ne kawai ya riga ni komawa garinmu, Ejigbo.

Wasan intanet ɗin da kika koya mini don mu riƙa haɗuwa, har yau ban iya yaƙinsa ba. Jiya kaza ta kashe ni. Shi ya sa na buɗe rumfar amala a ciki, inda ƙungiyoyin mayaƙa ke ajiye takubba su yi hira. Na kafa doka: yaro ya kwanta ya gaida babba, irin namu. Wasan ba shi da maɓallin kwanciya, sai na faɗuwa matacce. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya mutu a gabana, in ce, "Tashi, ɗana, ya gida?"

Kowa Baba yake ce mini. In na kashe wayar kuma, ɗakin shiru.

Na san karatu ya sha miki kai. Akwai kujerarki a rumfar, kusa da tukunya, na hana kowa zama. Ki leƙo ran Lahadi ko kaɗan. Ke na yafe miki gaisuwar, ba sai kin mutu ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Adisa