Tsayin Damis

Zuwa ga ƙanena Teliyas, a Nafaktos.

Gaisuwa mai yawa, ƙanena, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allahiya Uwar Hatsi ta tsare ku, ta sa rumbunku ya kai ku baɗi. Ni ce yayarka Mirto. Ka san ban san baƙi ba, Ewandaro mai tukwane ne yake rubuta min a bayan wurin matsar zaitun, na ce yadda na faɗa haka zai sa. Mu dai muna nan. Sha'ir ya yi kyau bana, iyayen gidanmu na Sparta sun kwashe rabinsa.

Ban sani ba ko labarin ɗana Karmos ya same ka. Shekarun baya aka yi shela, wai duk bawan gona da ya ɗaukar wa ubangidansa garkuwa ya nuna jarunta a yaƙi, ya fito a 'yanta shi. Karmos ma ya ɗauki garkuwar. Na riƙe masa riga na ce kar ya je, yaushe mutanen nan suka fara kyauta? Ya yi dariya, wai tsoro ne ya zubar min da haƙora. Aka naɗa musu ganye a ka, aka zaga da su ɗakunan alloli, muna ta guɗa, har da ni. Daga ranar ba wanda ya sake ganin ko ɗayansu. Ashe so ake a gane masu zuciya. Ba gawa, ba kabarin da zan zuba wa mai. In ina niƙa sai in ji tarinsa a bayana, in waiga ba kowa.

To yanzu ɗansa Damis ne damuwata. Yaron nan tsawo yake ta yi. Ka tuna samarin da iyayen gidanmu suke sakowa daji da wuƙaƙe, duk bawan da suka ga ya fi saura ƙira, sai dai a tsince shi a bakin gona. Tun yana ƙarami na koya masa tafiya a duƙe, in ya miƙe in make shi, ko a cikin ɗaki ne, don kar ya saba. Shekaranjiya ɗan ubangidanmu ya tsaya a masussuka ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Tsohuwa, da me kike kiwon ɗan maraƙin nan? Rabonmu kike ba shi?" Na ce ai ƙusumbi gare shi, ranka ya daɗe. Ya yi murmushi, ya ce zai dawo ya shafa bayan da hannunsa.

Ewandaro ya yarda zai binne shi cikin ciyawar da yake shirya tukwane a ciki har bakin teku, ya sa shi a jirgi. Damis ya tubure, wai in ya gudu ni za su kama. Na ce me ya rage a jikina da za su ɗauka? Da ƙyar ya yarda. Ka karɓe shi, Teliyas, ba ni da kowa sai kai.

Ka gai da mai ɗakinka Kiliyo, da 'yarka Nikasa takwarar innarmu. In Damis ya iso ka gan shi a tanƙware, lafiyarsa ƙalau, aikina ne. Ka ce na ce ya miƙe. Ka gwada tsayinsa da igiya ka aiko min da ita, ni ban taɓa gani ba.

Taka,
Mirto