Kada a Sa wa Kurmin Dugabau Igiya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Muhammad Nur ɗan Ja'afaru, mazaunin Gwarzo, tsohon mai gyaran rubutu a gidan jarida, nake rubuta wannan da hannuna yau Alhamis, cikin watan Sha'aban na shekarar 1423, wato Oktoban 2002. Ina cikin cikakken hankalina, babu wanda ya tilasta ni, babu kuma wanda ya gaya mini abin da zan rubuta. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Manzonsa ne.

Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ƙafafuna sun riga shi sanar da ni. Da wata uku da suka wuce na zauna rubuta wannan takarda, da ta fito da ɗaci. Yau ina rubuta ta da sanyin rai, kuma za ku ga dalili a gaba.

Zuwa ga 'ya'yana huɗu, Hambali, Badi'a, Jibirin da Zulaiha, da mahaifiyarku Uwaliya.

Na ɗaya. Gidan da muke ciki a Gwarzo, da gonar Sabon Birni, da littattafaina, da injin niƙan da ke zaure, duk gado ne. A raba su yadda Allah ya tsara, a ba Uwaliya tumuninta, sauran kuma namiji rabon mata biyu. Ba ni da ta cewa a nan, kuma ban so in samu.

Shawara ɗaya kawai zan bayar a kan injin: kada wanda ya faɗo wa ya yi ƙoƙarin tayar da shi. A sayar wa masu gwangwan. Lokacin da aka rage ma'aikata a 1984 aka sallame mu daga gidan jarida, abin da aka ba ni na sallama cikin wannan inji na zuba shi. Na yi lissafina a kan farashin dizal na wannan shekarar, kamar farashi dutse ne da ba ya motsi. Ni da na shafe shekara goma sha tara ina gyara labaran arzikin mai, ina duba waƙafi da aya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ranar da abin zai yi tsada ba. Shekara shida injin ya yi yana aiki. Daga nan dizal ya hau, kayan gyara suka hau, matan unguwa suka koma turminsu. Mahaifiyarku tana kiransa babban ɗanta, wai shi kaɗai ne a gidan yake ci bai taɓa gode mata ba.

Na biyu. Filin itatuwan da ke Dugabau, wanda mutane ke kira Kurmin Malam ko da yake bai kai a kira shi kurmi ba, ba ya cikin rabo. Na mayar da shi waƙafi a gaban alƙali a Kabo, dagaci ya shaida, ku huɗu da mahaifiyarku kun sa hannu. An auna an ga bai kai sulusin abin da na mallaka ba. Ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, ba a raba shi. Itacensa na girki ne ga gidajen Dugabau da gidajenku, kowa gwargwadon tukunyarsa.

Ina so jikokina su san yadda aka yi wurin ya samu, don kada su zaci wani mutumin kirki ne ya dasa shi.

Gonar mahaifina ce. A tsakiyarta akwai ɗorawa biyu da kakana ya tarar a wurin. A 1994, lokacin da kananzir ya ɓace har aka ajiye risho a kowane gida, masu gidajen burodi suka bazama ƙauyuka neman itace. Ni kuwa makaranta ta matso, Jibirin da Zulaiha suna jiran littattafai. Na sayar da ɗorawar duka biyu, da marken da ke gefensu. Kwana huɗu aka yi ana sara. Da aka gama, wata dattijuwa ta Dugabau mai suna Dela, wadda ta shekara talatin tana daddawa da kalwar waɗannan itatuwa, ta tare ni a hanya. Ba ta zage ni ba. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Uwaliya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye ni ko a birni an daina cin miya.

Kunya ta hana ni taka gonar shekara guda, shi ya sa ba a yi mata sassabe ba, ba a kuma ƙone kututture ba kamar yadda aka saba. Da na koma, sai na tarar marke ya yi toho, sabara da kalgo sun fito sun kai ƙirjina. Ɗorawa ce kawai ba ta dawo ba. Na zauna a kan kututturenta na tuna wani abu da na taɓa gyarawa a shafin kimiyya: cewa man da ake haƙowa ragowar halittu ne da suka daɗe a binne, shekarun da lissafi ba ya kamawa. Abin da aka ƙone daga cikinsa ya tafi ke nan. Wannan kuwa da ke gabana an sare shi bara, ga shi yana dawowa ba tare da na ba shi ko ruwa ba. A ranar na yanke shawarar ba zan sake noma wurin ba. Na cike gurabe da darbejiya, na shuka ɗorawa shida, huɗu suka rayu.

Na uku. Ga yadda ake sara, kuma ina roƙon a bi shi kamar yadda na rubuta.

Wurin kashi bakwai ne, kowane kashi da dutsen da aka shafa wa lamba a bakinsa. Kashi ɗaya ake sarewa a shekara, bayan an gama kaka, sai a bar shi shekara shida yana hutawa. Mun fara zagayen da itatuwan da suka tsira daga sarar farko, bana kashi na biyar ne ke da layi. Ana sara daidai gwiwa, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a kai ya ruɓar da shi. Idan toho ya fito, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a cire sauran. Ba a tone saiwa. Ba a sa wuta. Kashin da aka sare a kewaye shi da ƙaya har damina biyu saboda awaki. Ɗorawa huɗun nan ba a taɓa su da gatari ko da wane hali ake ciki, kalwarsu kuma ta Dela ce da matan da take aiki da su.

Nata'ala, maƙwabcin gonar, shi ya san aikin fiye da ni. Duk inda maganata ta saɓa da tasa a kan itace, a bi tasa.

Na huɗu. Dalilin da ya sa na hana a sa wa wurin igiyar rabo. Na ga yadda ake rabon gona tun ina yaro: a zo da igiya, a auna, a kafa turaku, kowa ya kama nasa. Ga gero da dawa wannan adalci ne, don ƙasar duk ɗaya ce. Ga wannan wuri kuwa, igiya za ta ba wani kashin da aka sare bara, kututture zalla, ta ba wani wanda ya shekara shida yana girma. Na farko zai ga an cuce shi, ya tone ya shuka gyaɗa. Na biyu zai ga kuɗi a tsaye, ya kira mai mota. Kafin damina biyu babu kurmi, kuma babu wanda za a ce ya yi laifi, kowa hakkinsa ya taɓa.

Malamai sun bayyana mini cewa tunda ina cikin ciwo, kuma ku magada kuna cikin masu amfana, waƙafin ba zai tsaya ba sai kowannenku ya yarda. Mahaifiyarku da uku daga cikinku suka yarda nan take. Hambali ya ƙi.

Ina rubuta wannan da saninsa, ba don in kunyata shi ba. Hambali yana sayar da fetur a galan a bakin titi tun shekarun dogon layi a gidajen mai, da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya riƙe mu lokacin da fansho ke makara. Burinsa ya buɗe gidan mai na gaske, mai famfo da rumfa. Wani dillalin gawayi ya yi masa tayin rabonsa na kurmin tun ina raye, har da saiwa, don saiwar marke ita ce gawayin da ya fi daɗewa a wuta. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce itace sana'ar jiya ce, duniya mota take hawa, kuma ni da na karanta jaridun duniya bai kamata in ɗaure 'ya'yana a jikin darbejiya ba. Badi'a, da bakinta na malamar makaranta, ta ce masa ai shi ko inuwar masallaci aka ba shi aro sai ya zuba ta a galan. Ya ce ita kuma albashi ya sa take wa'azi. Daga ranar ba su sake gaisawa ba, wata biyar, har a sunan ɗiyar Zulaiha kowa ya zauna a nasa gefen.

Ban yi masa dole ba. Yardar da aka matso ba yarda ba ce, kuma alƙali zai tambaye shi. Na dai kwana da abin a raina tsawon damina, ina ganin bayan raina za a zo da igiya.

Abin da ya sauya shi ba daga wurina ya zo ba. A ƙarshen Agusta ya kai wa wani mai injin ban ruwa fetur a Masanawa. Hanyarsa ta bi ta wata gona da dillalin nan ya tone wa saiwoyi rani biyu da suka wuce. Ruwa ya bi ramukan ya haɗe su, ya zama kwazazzabon da ya fi tsayin mutum, ya cinye rabin gonar ya fara cin hanya. Mai gonar yana zaune a bakin kwazazzabon yana kallo. Hambali ya san shi, tare suka yi firamare. Washegari da hantsi ya shigo ɗakina, ya gaishe ni, ya daɗe yana juya makullin babur a hannu, sannan ya ce, "Baba, ina takardar nan? A kawo in sa hannu."

Na tambaye shi gidan man fa. Ya ce zai jira, ko ya samu ko bai samu ba. Tun daga ranar nake jin daɗin cin abinci.

Saboda haka Hambali na naɗa mai kula da waƙafin. Wanda ya san farashin abu kuma ya ƙi sayarwa ya fi wanda bai taɓa jin tayi ba iya tsare shi. Dillalai za su dawo, sun san ƙofarsa, shi kuma ya san harshensu.

Na biyar. Badi'a, yayanki ya sauko, saura ke. Kin yi gaskiya a kan kurmi, amma maganar galan ta wuce wuri, kuma a gaban matarsa kika faɗe ta. Ki je gidansa kafin azumi ki gaishe shi, kada ki aika yaro, kada ki rubuta wasiƙa. Kai kuma Hambali, idan ta zo kada ka tsaya jiran kalmar ban haƙuri, ka san ba ta iya furta ta ba tun tana ƙarama. Zuwan nata ya isa. Kuma ka fitar da jarkokin fetur daga cikin gida ka gina musu wuri a waje, nesa da madafa. Wannan na faɗa sau uku da baki, yanzu ga shi a rubuce.

Na shida. Farantin hasken ranan da ke kan rufi, da batirinsa da ƙwan lantarki biyu, na riga na ba Uwaliya kyauta tun bara a gaban Jibirin, ta kuma karɓa. Ba gado ba ne. Jibirin, kai ka iya shi: ka riƙa goge fuskarsa duk Juma'a, ka duba ruwan batir, kada a jona masa abin da ya fi ƙarfinsa. An yi mini dariya da na sayo shi, an ce ƙwai biyu da rediyo ba su kai wannan wahala ba. Shekara uku ke nan ba mu sayi kananzir na fitila ba. Ina kyautata zaton abin zai yi araha a zamaninku. Idan ya yi, ku fara da sa wa rijiyar Dugabau famfo mai aiki da hasken rana kafin ku sayi talabijin.

Murhun lakan da mahaifiyarku ta gina mai baki ɗaya, wanda ke cin rabin itacen murhun duwatsu uku, Zulaiha ta koya a wurinta ta gina a gidanta. Tarin da Uwaliya ta yi fama da shi shekaru ya ragu tun da hayaƙi ya daina cika mata ido. Kurmin zai ishe ku ne kawai idan ba a ƙona itace a banza.

Na bakwai. Jana'izata a yi ta da wuri, kada a jira na nesa. Itacen da za a jera a kabarina a saro shi daga kashin da ke da layi a shekarar. Idan an riga an gama sarar shekara, a ɗauko daga abin da aka tara, ko a roƙi maƙwabta. Na san za a sami mai cewa ai Malam ne ya dasa, a shiga kashi na gaba a zaɓo masa masu kauri. Kada a yarda. Ranar da aka karya layi saboda ni, gobe za a karya shi saboda biki, jibi saboda baƙo.

Wannan shi ne abin da nake da shi. Na yafe wa kowannenku abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini, musamman shekarun da talauci ya sa na yi muku tsanani. Wanda ya je Dugabau ya roƙar mini gafarar Dela, don ni ban taɓa iya buɗe baki na roƙe ta ba.

Ku riƙe mahaifiyarku, kada ta nemi abu sau biyu. Ranar sara kowace shekara ku haɗu ku huɗu a wurin da 'ya'yanku, ko da a cikinku akwai masu fushi da juna. Ku yi aikin tare, ku ci abinci a faranti ɗaya, sannan kowa ya ɗauki damminsa ya tafi gida. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya ba ku halal mai isa, ya sa mu gama da kalmar shahada.

Muhammad Nur Ja'afaru, Gwarzo.

Shaidu: Nata'ala na Dugabau, da Malam Musbahu limamin unguwarmu.