Yatsunka a Bangon Inna

Zuwa ga wana, Yaya Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar ban girma irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan saƙo zai same ka, ko ya sami wanda ya taɓa saninka. Ni ne Sani, ƙanenka na Matameye. Furfura ta cika mini kai yanzu, Yaya.

Ɗiyata ce ta tayar da zancen. Tana son karatun zanen gine-gine, tana tambaya ko gida za ta tsaya ko waje, har ta tambayi yadda ni na zaɓa. Na ba ta amsa sama-sama. Cikakkiyar amsar kai ya kamata ka fara ji.

Kai ka sa mini son gini. Tun rasuwar Baba kake zuwa cin rani Kano kana aikin birkila, bazara na yi ka dawo ka yi wa ɗakin Inna sabon yaɓe. Ni aikina miƙo laka, ita ma rabi a ƙasa take ƙarewa. Kakan yi dariya ka ce, "Kai dai riƙe karatun lakwal, mai hannun auduga. Ka zana, ni in gina."

Yaɓenka na ƙarshe, kududdufi ya riga ya ƙafe. A tulu ka ɗebo ruwan kwaɓi daga rijiya, maƙwabta na cewa ɓarna ce. Ka shafe bangon gabas, inda hadari ke duka, ka ja yatsunka a kan ɗanyar ƙasar layi-layi yadda ka saba. Don damina ka yi, damina ba ta zo ba. Gero ya bushe a tsaye. Muka koma cin 'ya'yan anza na daji da jar dawar agaji da sojoji ke rabawa a ƙofar sufurefe, shugaban gundumarmu.

Iyaka na rufe, sai ka bi ta daji da ƙafa ka koma Nijeriya. Ka ce sai bazara. Da bazarar ta zo aka koro baƙi daga Nijeriya, motar kamiyo bayan motar kamiyo, Inna na tsaye a tasha tana duba masu sauka. Wani ya ce a Kano ya bar ka. Wani ɗan Dungu ya rantse ya hango ka a Zariya, a kan wani gini.

A shekarar na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a Damagaram. Gwamnatin soja ta ba ni burs, wato tallafin karatun zanen gini, zuwa Aljeriya, kuma ka san zamanin: abin da aka ba ka, in ka ƙi, ba a sake kiran sunanka. Amma wani malamina ya ce ana irin karatun a Zariya, yana da wanda zai tsaya mini. Ga kusa, ga Hausa, ga tuwo. Kowa ya ce Inna nan za ta fi so. Ni kuwa ba tuwon nake hange ba. Na riga na tsara abina: da safe aji, da yamma in bi gine-ginen garin ɗaya bayan ɗaya har in same ka.

Na gaya wa Inna shirina. Bangon nan dai ta hana kowa taɓawa. In za ta alwala takan bi sawun yatsunka da nata, kamar ba da gangan ba.

Sai ruwan da aka daɗe ana roƙo ya sauko. Gari ya ɗauki kabbara, mata na jera kwarya da tulu. Inna kaɗai na gani tsaye a tsakar gida, zanenta sharkaf, tana kallon jan ruwa na gangarowa daga bangon gabas. Kai ka fi ni sanin halin ginin ƙasa. In ba a yi masa yaɓe ba, faɗuwa zai yi. In an yi, an rufe hannun wanda ya yi na baya.

Da rana ta buɗe ta kira ni. Na tarar ta kwaɓa ƙasa da kanta. Ta ce, "Yaɓe shi. In ka gama ka tafi ƙasar Larabawan. Na san ka, in ka shiga nemansa ba za ka daina ba. Kudu ta karɓi ɗaya, ba zan miƙa mata na biyu da hannuna ba."

Na yi yaɓen, Yaya. Da ka gani da ka sha dariya, nan tudu nan kwari. Amma duk inda na aza laka, yatsuna sai su faɗa cikin gurbin naka, in ji su sarai kafin in cike. Na yi kuka, Inna ta shige ɗaki don kada ta gani.

Na tafi, na karanto, na dawo. Na zana gine-gine a Yamai da Damagaram, wasu ne suka gina. Zariya kuwa na je ba sau ɗaya ba, lokacin da babu sauran mai tuna ɗan Nijar ɗin da ya yi aiki a shekarar yunwa. Har yau in na shiga wurin gini, fuskokin samari nake bi da kallo, sai daga baya in tuna cewa kai ma da tsoho ne yanzu.

Ban taɓa ganin laifin Inna ba, ta tsirar da wanda ya rage mata. Sai dai tambayar ba ta sake ni ba: a shekarar nan, kana Zariya kuwa? Ta rasu ba ta taɓa yarda a ce "Allah ya jiƙansa" a kanka ba. Ina kewarka, Yaya, kewar da ban san inda zan kai ta ba.

Idan kana raye, Allah ya sa kana cikin masu tausayinka, ya ba ka mai miƙo maka ruwa in jiki ya ƙi, ya juyo da kai gida. Idan kuwa ka riga mu, Allah ya sa ka sami masu yi maka wanka da salla ko ba su san sunanka ba, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Inna da Baba. Ban san wadda ke isa gare ka ba, shi ya sa bayan kowace salla nake yin duka biyun.

Wassalam.

Ƙanenka,
Sani