Wanda Na Wakilta a Kan Rumfar Baba

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau. An kwance mini ɗaurin ƙafa, ina dogara sanda daga ɗaki zuwa ƙofar gida.

Akwai abin da ke cin raina. Kin san tun da katako ya faɗo mini a ƙafa na danƙa wa ƙanin maiɗakina shagon kafinta. Kafin a kwantar da ni asibiti na tara mai katako da mai fenti da maƙwabtan shago, na ce musu duk abin da ya ce, ni na ce. A raina ina nufin ya karɓi aiki, ya sayo katako, ya kula da ma'aikata. Amma ban faɗi haka ba, ban kuma rubuta ba, ni da nake rubuta har ranar da na wasa zarto. Yanzu duk layin Manaja suke ce masa. Har hatimi ya yi da sunan shagon.

Ran Laraba aka kai ni na leƙa wurin. Na ga an canja kwaɗon rumfar baya. Ta kafar ƙofa na hango teburin aikin Baba an tura shi jikin bango an rufe da buhu. Sannan an jawo wata waya mai kauri zuwa rumfar, irin wadda kafinta ba ya bukata. Da na tambayi Manaja sai ya ce, "Yaya, kai da ƙafa ɗaya, bar mu masu biyu mu yi zirga-zirgar." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Kin san wasan da ke tsakanina da shi, ba a gane ranar da nake maganar gaske.

Da na taɓa zancen a gida, maiɗakina ta tuna ta bar tukunya a wuta. Mai yiwuwa zaman ɗaki ne ke sa ni zargi. Na dai rubuta komai a littafina da kwanan wata. Na san rumfar nan tamu ce mu biyu, kuma ke kika ce in kula da rabonki, kada a taɓa teburin Baba. Ban manta ba.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

Ranar Asabar

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan wasiƙata ta farko ta same ku lafiya. Na ji daɗin man shafawar da kika aiko, ƙafa tana sauƙi.

Zargina bai tashi a banza ba, sai dai na yi wani abu da nake jin kunyar rubuta miki. Mako biyu da suka wuce ina zaune a bencin shago, wani mai walda ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Maigida, Manaja ya gaya maka ko?" Ma'aikata suna tsaye suna ji. Sai na ji bakina ya ce, "Ya gaya mini." Ban so a ce mai shago bai san abin da ke faruwa a shagonsa ba. Na kuma ɗauka idan na nuna na sani, zai ƙara sakin baki. Bai ƙara komai ba, godiya kawai ya yi ya tashi.

Bayan kwana huɗu mai waldan ya sa wa shagon sabuwar ƙofar ƙarfe, ya kuma kafa mini abin dafawa a matakala saboda ƙafata. Na yaba aikin, domin ya yi kyau. Mai facin taya na tsallaken titi ne ya gaya mini sauran: Manaja ya ba mai walda hayar rumfar Baba shekara uku, da takarda da hatimi. Ya ce, "Au, mu da muka ɗauka da saninka?" Yanzu tartsatsin wuta na zuba taku biyu daga inda Baba yake ajiye madoshinsa na sassaƙa.

Ban tunkari Manaja ba tukuna. Ina so in tara hujja ta cika, kada in yi magana ya mai da ni abin dariya. Ina rubuta lokacin zuwansa da na tafiyarsa, da sabon takalmin da na gani a ƙafarsa. Wani lokaci sai in ga kamar maiɗakina ma tana kallon littafin nan fiye da da.

Kada ki gaya wa kowa tukuna.
Naki, Auta

Ranar Alhamis

Yayata abin ƙaunata,

Ina fata kun tashi lafiya. Ki yafe mini shirun wata guda.

Na kai maganar wurin lauyan nan da na taɓa yi wa kantar littattafai. Na miƙa masa littafina ina jin na zo da makami. Ya karanta a tsanake, ya cire tabarau ya ce, "Malam, wa kake tara wa hujja, kai ko mai walda?"

Ga yadda ya bayyana mini. Abin da wakili ya ƙulla yana hawa kan wanda ya wakilta shi idan an ba shi izini. Ko ba a ba shi ba, yana hawa idan mai abu ya sa mutane suka ɗauka an ba shi, kuma ni da bakina na ce duk abin da ya ce, ni na ce. Ko wannan ma babu, idan mai abu ya sani, ya amince, ya ci moriyar cinikin, to ya zama nasa. Sai ya nuna mini rubutuna: ranar da na ce "ya gaya mini", ranar da na yaba ƙofa, da makonnin da na yi ina lissafa takalma ban ce uffan ba.

Na dawo na kira Manaja da yayarsa, wato maiɗakina, na ce yau ba wasa. Ita ta fara magana. Ta ce, "Kai da ba abin da ke wuce maka, ka taɓa tambayar da me aka yi maka aikin ƙafa karo na biyu?" Ban taɓa ba. Ashe da kuɗin hayar rumfar aka yi shi. Na duba littafin daga baya, shafin makon da aka yi aikin fari ne fes. Manaja ya ce sun ɓoye ne don sun san zan zaɓi teburi in bar ƙafa. Takalmin kuma, ya ce, aro ne. Wannan ban tabbatar ba. Na dai karɓe hatimin, na bi layin da sandata shago shago na faɗa cewa daga yau ba ya magana da yawuna. Teburin Baba yana ɗakina, mun fitar da kujera don ya samu wuri.

Saura naki. Lauya ya ce ni kika wakilta a kan rabonki, ba ƙanin matata ba, kuma ba ki taɓa ba ni izinin miƙa wa wani ba. Saboda haka ke kaɗai kike da bakin ƙalubalantar hayar. Idan kin yi, mai walda zai juyo kaina da kan Manaja, kuma yana da gaskiya. Idan kin bari, rumfar Baba ta tafi shekara uku. Na zargi yaron nan wata biyu a kan ya wuce iyakarsa, ashe ni na fara wuce tawa a kanki.

Ba zan ce miki ga wanda za ki zaɓa ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki rubuto a fili, e ko a'a, da hannunki da kwanan wata. Kada ki bar ni in yi ta fassara shirunki kamar yadda mai walda ya fassara nawa.

Ki gaida maigidan da yara.
Ƙaninki mai laifi, Auta