Sunan Kumburin Ƙafata

Yendi, daren Talata

Tun hantsi nake layin asibiti, sai bayan la'asar likita ya gan ni. Na ce masa ƙafafuna sun kumbura. Ya danna yatsa a idon sawuna, ramin ya ƙi cikowa, ya rubuta "edema" a kati.

Na kai wa mai masaukina katin, tunda malamin makaranta ne. Ya duba waya ya ce, "Baba Sani, tsohuwar kalmar Girkawa ce, Turawa suka ara. Ma'anarta kumburi, shi ke nan." Wato wuni guda na ɓata don a maimaita mini maganata da Girkanci.

A faɗi gaskiya, likitan bai tsaya nan ba. Ya ce a duba zuciya da ƙoda, kuma in bar tuƙin nesa. Ni da na tsufa ina jigilar doya daga Salaga zuwa Bawku, in na sauka me na iya?

Wata biyu ina alwala a bayan mota don kada Alhaji mai motar ya gani. Yau da magariba ya tsuguna kusa da ni da butarsa. Ya dubi ƙafar ya ce, "Direba, gobe ka kawo makullin mu yi magana." Da ni ne shi, haka zan yi.

Matata Hajara ta kira daga Sakkwato. Na ce mata mijinta lafiya lau yake.