Gular Baba Ta Iso Bukur

Zuwa ga yayana Gide, a Mabai.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da mahaifiyarmu Dada. Damina ukku ke nan rabona da gida, ni da na fito haƙar kuza rani guda da niyyar komawa kafin shuka. Na ji matarka Safara'u ta sauka lafiya, Allah Ya raya. Na kuma ji ƙafar Dada ta yi sauƙi har ta koma zuwa rijiya. A hana ta. Na san ba ji za ta yi ba, amma dai a faɗa.

Sanusi ɗan Yargoje ya kawo mani saƙonka. Ina kwance tsumman da aka naɗe shi sai ga gular Baba, ta icen ƙirya, mai nauyin nan da ya koya mani kiɗa da ita. Ya kuma isar da maganar baki, cewa Sarkin Noma ya ce in ban zo na kaɗa gayyar bana ba, a ba Maharazu ɗan baffanmu gangar gidanmu, don manoma sun saba da muryarta. Wai kai kuma ka ce in riƙa motsa hannu da ƙiryar, in taho da ruwan fari. Yaya, abin ya sosa mani rai. An aiko da gula, ba a tambayi hannun da zai riƙe ta ba. Amma da na huce na yi maka uzuri, don Sanusi ya ce labarin targaɗe ya iso maku. Ba targaɗe ba ne. Gefen rami ne ya zabtaro mani, wuyan hannun dama ya karye, aka ɗora, bai zauna ba, aka sake ɗorawa. Yanzu shara nake wa kamfani da hagu.

Ka tuna dokar Baba: makaɗi ya yi rani yana dukan turmi da ƙirya, in damina ta zo ya ɗauki gula marar nauyi, sai ta riƙa tashi da kanta. Da ita na girma, ban taɓa ganin ta yi ƙarya ba. Don haka ran Lahadi na cika buhu da yashi, na zaga bayan bariki, na fara takenka, wanda in ka ji shi kake barin kowa baya a kunya. Wallahi ya fito daidai. Na rufe ido ina ganin gonar Sarkin Noma da ƙurar garemani, na kasa tsayawa. Kafin la'asar hannu ya kumbura har ya ƙi shiga riga.

Malam Hadi mai ɗori, wani dattijo Bazazzagi, ya wanke ni tas. Ya tambaye ni ko Baba ya taɓa koya wa mai karaya kiɗa, na ce a'a. Ya ce to ƙirya ta mai lafiyayyen hannu ce, ni kuwa na kusa kwance mashi aikin da ya sha wuya a kai, in na ƙara in nemi wani ya ɗora ni. Ya miƙo mani karan dawa ya ce da shi zan fara. Ranar da na ɗaga buta cike hannu bai yi rawa ba, zai yarda da ƙaramar gula. Ta Baba kuwa sai can gaba, in da rabo. To ga ƙanenka nan da furfura a gemu yana dukan buhu da kara. Leburori na wucewa suna ce mani Sarkin Kiɗan Kara, suna tambaya ko ɓeraye nake wa gayya. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ke cina shi ne duk barikin nan ba wanda ya san taken wa nake kaɗawa.

Saboda haka a ba Maharazu gangar. Ba na son shi da ita, ba zan ɓoye maka ba, amma yana da hannu, kuma gero ba ya jiran ƙashi ya warke. Ka ce mashi ya rage gaggawa, in ya ga dattawa sun fara dafa ƙugu ya sassauta masu, kada kuma ya bar gangar a rana. Ni bana ba zan zo ba. Ba zan iya tsayawa bakin gona ina jin muryarta a hannun wani ba. Gular dai tana wurina. In baɗi ta yi ban iya ɗaga ta ba, ita ma zan aiko mashi, don ba a sassaƙa ta don ta kwanta ƙarƙashin tabarma ba.

Ka gaishe da Dada, a yi mata bayani a hankali. Ka gaishe da Safara'u da jaririya, da matata Hajaratu, ka ce na san haƙurinta ya yi yawa, da ɗiyata Baraka in tana tuna fuskata.

Sanusi ya ce kana tambayar abin da na tara. Ga shi: bargo ɗaya, fatar akuya ɗaya mai kyau da na aje wa gangar, sai yatsu ukku da ke iya riƙe kara. Biyun ba su yarda ba tukuna.

Ka huta lafiya. Ni ne ƙanenka,
Almu, daga Bukur.